Jakara rafi ne mai suna, a daina kiransa kwata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu don in yi gyara a kan wani kuskure da ya zama jiki a bakin masu rahoto, a jarida da rediyo baki ɗaya. Duk damina, in ruwa ya shiga gidaje ko kasuwa a birnin Kano, sai ka ji ana cewa "babbar kwata ta cika", ko "lambatun Jakara ya toshe". Wani ya ce Wuju-wuju, wani ya ce Kwarin Gogau, wani kuma in ya je Minjibir ya ce kogin Wasai. Mai sauraro sai ya ɗauka abubuwa huɗu ko biyar ne daban-daban, alhali ruwa ɗaya ake magana a kai, shi da 'ya'yansa. Sunansa Jakara, kuma rafi ne da ya riga ganuwa da kasuwa da titi zama a wurin.

Bari in fara da inda yake a ƙasa, domin sai an san hanya ake sanin suna.

Ruwan saman da ya sauka a birnin Kano da kewaye gida biyu yake rabuwa. Akwai wani doron ƙasa da ido ba ya saurin gani saboda gine-gine sun rufe shi, shi ne maraba. Abin da ya zuba kudu da doron sai ya bi ƙananan rafuka irin su Salanta da Tatsawarki ya gangara wajen kogin Calawa da kogin Kano, waɗanda suke haɗuwa a yankin Tamburawa su wuce Wudil. Ruwan masana'antun Sharaɗa da na Calawa can yake tafiya. Abin da ya zuba arewa da doron kuwa, na Jakara ne. Yana taruwa ne daga ƙasa-ƙasan da ke tsakanin Dala da Goron Dutse da unguwannin yammacin birni, ya ratsa tsakiyar gari ta gefen Kasuwar Kurmi, ya fita ganuwa ta wajen mayankar Abbatuwa, ya bi ta Fagge da Kwakwaci da bayan Sabon Gari, ya wuce ƙarƙashin titin filin jirgin sama, fuskarsa na kallon arewa maso gabas. A gaba sai rafin Getsi, wanda yake ɗauko ruwan Bompai, ya faɗo masa. Wurin da suka gamu Magami ake ce masa, kuma sunan ya gama bayanin kansa. Daga nan sai Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, inda aka datse shi a 1976. Saboda haka babu wani kogi mai suna Wasai. Wasai gari ne, madatsar tana wurin, ruwan da ke cikinta na Jakara ne.

Bayan madatsa labarin ya ɗan canja. Birnin Kano a kan tsohon dutse yake zaune, shi ya sa rafi yake da gaɓa biyu da kwanciya a fili. In aka miƙa arewa maso gabas wajen Jigawa, dutsen sai ya nutse can ƙasa, rairayi mai kauri ya hau kansa. A irin wannan ƙasa rafi yakan baje, ya zama jerin fadamu da tafkuna, wani ruwan ya shige ƙasa, wani rana ta sha. Haka rafukan Gari da Tomas suke yi a arewacinsa. Duk da haka lissafinsu na kwarin Haɗeja ne. Haɗeja kuma ta haɗu da Jama'are a wajen Gashuwa su zama Yobe, wadda take bin iyakar Najeriya da Nijar ta shiga tafkin Cadi. Ke nan ɗigon da ya sauko daga indararon wani gida a Dala, hanyarsa ta Cadi ce, ba ta Kwara ba, sabanin ruwan Zariya da ke bin Galma da Kaduna.

Ta yaya ake gane uwa da 'ya a mahaɗar ruwa biyu? Ana duba abu huɗu. Wanne ya fi tsawo daga mafarinsa zuwa mahaɗa. Wanne ya fi faɗin ƙasar da yake tattaro wa ruwa. Wanne ya fi kawo ruwa in an haɗa rani da damina. Sannan wanne ya miƙe bayan haɗuwa, wanne ya shigo a karkace. Sau da yawa huɗun sukan yarda da juna. In suka saɓa, sunan da mutanen wurin suka gada shi ke yin hukunci, ba awo ba. A Magami babu gardama: Jakara ce uwa, Getsi reshe. Akwai kuma ƙa'idar dama da hagu, wadda masu rahoto suke yawan juyawa. Mutum yakan tsaya ne ya ba mafari baya, ya fuskanci inda ruwa yake tafiya. Abin da ke damansa shi ne gaɓar dama. Da wannan ƙa'ida, Getsi ta gaɓar dama yake shigowa. Wanda ya tsaya a kan gada yana kallon inda ruwa yake fitowa, in bai kula ba sai ya rubuta akasin haka.

Yanzu sunan kansa. Kundin tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci aka buga a 1908, ya ambaci Jakara tun a zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Ya ce ruwa ne da kurmi ya kewaye, kuma ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa saboda ruwansa baƙi ne. Maguzawan Dala suna girmama wurin, suna yanka baƙar dabba in sun ga alamar masifa. A nan ina son masu buga jarida su lura da ƙugiya guda. "Baƙin ruwa" launi ne. "Bakin ruwa" wuri ne, gefen ruwa, kuma har yau akwai unguwar Bakin Ruwa a ƙaramar hukumar Dala, daf da wannan hanya. Duk keken rubutu ko wayar da ba ta da ƙ sai ta mai da sunayen biyu ɗaya, wanda ya zo daga baya ya kasa rarrabewa. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, da wannan kurmi ake danganta sunanta. Baturen Ingila Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya tarar da fadama ta kusa raba birnin biyu, kasuwa na zaune a kan tudun da ke tsakani, in damina ta yi ƙarfi ruwa ya haye ta. Barth Bajamushe ya zo a 1851 ya tarar da ruwan yana nan, ya kira shi da sunansa Jakara, ya kuma yi kuka da ƙazantarsa. Ashe matsalar ba ta jiya ba ce, amma ko a wancan lokaci ba wanda ya ce da shi kwata.

Hausa ba ta da talaucin kalmomin ruwa, mu ne muke zubar da su. Kogi babba ne, wanda in ya kawo sai da kwalekwale ko gada. Gulbi ɗan'uwansa ne, ya fi yawa a bakin mutanen yamma da arewa, shi ya sa ake da Gulbin Maraɗi da Gulbin Ka. Rafi ƙarami ne, sau da yawa mai lambu a gefensa. Ƙorama tana gudu da damina, da rani sai rairayi, in an tona a sami ruwa kusa. Kwari shi ne ƙasar da ta lotsa, ko da ruwa ko babu. Fadama ƙasa ce mai laka da take riƙe damshi. Tafki Allah ne ya yi shi, kududdufi kuwa mutane ne suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Kwata da lambatu aikin hannu ne, an yi su ne don fitar da ruwan wanka da wanke-wanke. Da wannan ma'auni, Jakara a cikin birni rafi ne mai kwari da fadama. Kwarin Gogau reshe ne da ke zuba cikinsa, ba wani sunansa ba ne. Wuju-wuju kuwa sunan da jama'a suka raɗa wa aikin gine hanyar ruwan da shimfiɗa titi a kanta ne, wanda aka fara a zango na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015. Sunan titi ne. Ruwan da ke gudu a ƙarƙashinsa bai canja suna ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a suna, tunda ruwa bai san me ake kiransa ba. Abin damuwar shi ne mutum yana mu'amala da abu gwargwadon sunan da ya ba shi. Kwata ana zuba mata shara ba a jin kunya. Ana auna faɗinta da ruwan da ake gani cikinta da rani. Ana ɗora mata silab a gina shago. Rafi kuwa an san yana da haƙƙin gaɓarsa, an san yana kawowa. Kuskuren awon nan shi ne yake cin dukiya, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan kadada ɗaya lita 10,000 ce. Kano takan sami wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara, amma ba jimillar ce take kawo ambaliya ba, yadda take sauka ne. A watan Agusta ba abin mamaki ba ne a yi milimita 50 cikin sa'a guda. A kan murabba'in kilomita ɗaya, wannan lita miliyan 50 ke nan, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda miliyan biyu. In gona ce mai jigawa, ƙasa za ta shanye mafi yawa, abin da zai gudu zuwa rafi bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. In unguwa ce da aka rufe da kwano da siminti da kwalta, kashi 80 ne zai gudu. Kashi 80 ɗin nan lita miliyan 40 ne. A raba shi da daƙiƙa 3,600 da ke cikin sa'a, sai a sami kimanin lita 11,000 kowace daƙiƙa, daga murabba'in kilomita ɗaya tak. Kwalbatin bututu mai faɗin santimita 90, in ruwa na gudu cikinsa mita biyu a daƙiƙa, lita 1,300 yake iya wucewa da ita. Ana bukatar irinsa tara kafin ruwan ya wuce lafiya. Wanda ya zo a watan Maris ya ga ruwa bai kai ƙwauri ba ya sa bututu biyu, ba mugunta ya yi ba, kwata ya auna. Wannan kuma in bututun a wanke yake. In rairayi da leda da robar ruwa sun cinye rabinsa, abin da zai wuce bai ma kai rabi ba, domin sharar tana rage gudu bayan rage fili.

A da kududdufan birni ne suke sassauta wannan. Kududdufi mai faɗin kadada ɗaya da ke da sauran zurfin mita biyu kafin ya cika yana ɗauke lita miliyan 20, rabin abin da muka lissafa a sama, ya riƙe shi ya riƙa sakinsa a hankali, wani ya shige ƙasa ya ciyar da rijiyoyi. Kowane kududdufin da aka cike da bola aka yanka fuloti, ruwansa Jakara aka tura wa, kuma a sa'a guda zai iso maimakon kwanaki. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata kayan 'yan kasuwa, a kan gine-ginen da aka ɗora bisa hanyar ruwa aka ɗora alhakinsa. Ni dai ina ganin sunan kasuwar kaɗai ya isa gargaɗi. Kakanni ba su ce Kwari don wasa ba, kamar yadda ba su ce Kwarin Mabuga ko Bakin Ruwa don ado ba. Sunayen nan taswira ce da aka bar mana a baka.

Rufe rafi da siminti yana da amfaninsa, ba zan musa ba: yana rage wari da sauro, yana hana yara faɗawa, yana ba da hanya a tsakiyar gari mai cunkoso. Amma yana zuwa da sharuɗɗa uku da in an bar ɗaya aikin ya zama tarko. Dole a bar ƙofofin shiga a kai a kai, yadda za a iya sauka a kwashe rairayi kafin damina. Dole a sa ragar ƙarfe a bakin kowane reshe da ke shigowa, a kuma sami mai share ta, domin raga marar mai shara ita kanta madatsa ce. Dole kuma a tuna siminti santsi gare shi, ruwa ya fi gudu a kansa fiye da kan laka da ciyawa, saboda haka duk abin da aka sauƙaƙa wa na sama, na ƙasa ne zai karɓe shi da ƙarfi. Inda simintin ya ƙare ruwa ya faɗa ƙasa, nan zaizaya take farawa, sai an shimfiɗa dutse an karya masa ƙarfi.

Batun abin da ruwan yake ɗauke da shi ma sunan yana da hannu ciki. Da rani, kusan duk abin da ke gudu a Jakara ruwan gidaje ne da na Abbatuwa, sannan Getsi ya ƙaro na masana'antun Bompai, har da na jimar fata, wanda yake ɗauke da sinadarin kuromiyam. Da wannan ruwa 'yan lambun Kwakwaci da na ƙasa da Magami suke ba latas da kabeji da alayyafo da karas, kuma a madatsar Wasai ana kamun kifi. In mai rahoto ya ce "kwatar Bompai" a wani labari, ya ce "dam ɗin Wasai" a wani, ya ce "lambun Kwakwaci" a na uku, mai karatu ba zai taɓa haɗa su ba. In ya ce Jakara a duka ukun, ya nuna wanne ne sama wanne ne ƙasa, ba sai ya yi dogon sharhi ba. Kuma bambancin sama da ƙasa ba ƙarami ba ne: lambun da ke sama da Magami ruwan gari yake sha, wanda ke ƙasa yana shan na gari da na masana'anta.

Ga malaman makaranta da ɗaliban da suke son su rubuta rafin garinsu, ko Jakara ne ko wata ƙorama a ƙauye, aikin ba ya bukatar kuɗi. A fara daga mahaɗa a bi ruwa sama da ƙafa, da rani, domin daga sama ana ɓata a rassa. Duk inda wani reshe ya shigo a ɗauki lambar wurin da wayar hannu, a rubuta dama ko hagu. A kowane ƙauye ko unguwa a tambayi aƙalla mutum uku da ba tare suke zaune ba, kuma a nemi masu hulɗa da ruwan: ɗan lambu, masunci, makiyayi, mai unguwa, tsohuwar da ta yi ɗibar ruwa a wurin. Kada a ce "wannan shi ne rafi kaza?", domin Bahaushe don kara zai ce e. A ce "yaya kuke ce wa ruwan nan?" A ɗauki murya, saboda rubutu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. In suna ya canja a hanya, a rubuta daidai inda ya canja, kada a zaɓi ɗaya a jefar da saura. In Fulani ko Barebari suna da nasu sunan, a rubuta shi gefe da gefe. In an ba da labarin asalin suna, a rubuta wanda ya faɗa da unguwarsa, a bar shi a matsayin abin da aka ji, domin ba abin da ya fi sauƙin ƙirƙira irin asalin suna.

Awon ruwa kuma ga yadda ake yi. A sami wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10. A auna faɗi, a auna zurfi a wuri biyar a tsallake, a fitar da matsakaici. A jefa ɓawon lemo ko guntun kara a sama da layin farko, a ƙirga daƙiƙar da zai yi kafin ya kai na biyu, a maimaita sau uku. Misali faɗi mita 4, zurfi santimita 30, kara ya yi daƙiƙa 20. Gudun saman ruwa rabin mita ke nan a daƙiƙa. A rage kashi 20 cikin ɗari, domin ruwan ƙasa da na gefe ba ya kai na sama gudu, sai ya koma 0.4. A ninka 4 da 0.3 da 0.4, a sami 0.48, wato lita 480 a daƙiƙa. Inda ake kuskure shi ne jefa leda ko kwalbar roba marar komai, iska ce take tura su, ba ruwa ba. A Jakara kada yaro ya shiga ruwan da ƙafa, a yi awon daga kan gada da gora mai alama. Tsayin ambaliya kuwa ba sai an jira ta ba: layin laka a jikin katanga da ledojin da suka maƙale a reshen bishiya sun nuna inda ruwa ya kai bara.

Taswirorin da ofisoshinmu suka gada, irin masu ma'aunin 1:50,000 inda santimita biyu take kilomita ɗaya, da kunnen baƙo aka rubuta sunayensu. Shi ya sa Calawa ta zama Challawa, Haɗeja ta zama Hadejia, Tomas ɗin mutanen Dambatta a takarda sai ka gan shi Thomas. A Nijar Faransanci ya mai da gulbi Goulbi. Akwai kuma ninkin da ke ba mai jin harshen dariya: a rubuta "kogin Komadugu Yobe" alhali komadugu a Barbarci kogi ne, ko "kogin Mayo Belwa" alhali mayo a Fillanci ke nan. Jaridar Hausa ba ta da dalilin kwafo waɗannan daga Turanci ta dawo mana da su.

Abin da nake roƙo, Malam Edita, kaɗan ne. Teburin gyaran labarai ya ajiye jerin sunayen rafukan Kano da rubutunsu na Hausa, da ƙugiyoyinsu, a riƙa dubawa. In ruwa ya yi ɓarna, a faɗi rafin, a faɗi reshen, a faɗi unguwar, cikin wannan jeri. Ma'aikatar ayyuka ta jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedikwatarta ke nan Kano, su kafa allo a kan kowace gada da Jakara da Getsi suka bi ta ƙarƙashinta, ɗauke da sunan rafin da kibiya mai nuna inda ruwa ya dosa, har da kan titin Wuju-wuju inda ba a ganin ruwan. A jikin ƙafar kowace gada kuma a zana ma'auni da fenti, santimita goma-goma, yadda mai unguwa ko ɗan jarida zai iya karanta tsayin ruwa ya faɗe shi da lamba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano